Darasin da Ban Ƙarasa Ba

Unguwar Najma, Doha

Maman Ikilima,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da Inna da yara. Yaya jikin Ikilima? Allah ya ba ta sauƙi.

Ni lafiyata ƙalau, kada ki damu. Ɗakin da nake zaune da abokan aikina ya yi mana kaɗan, amma barci kawai ke kawo ni cikinsa, shi ma ba na samu sosai.

Zangon nan makaranta ta ba ni tarihin Turai in koya wa 'yan shekara goma. Jiya muka zo kan Galileo, masanin taurarin nan na Italiya da aka tsare saboda ya ce duniya ce ke zagaya rana. Na gaya musu cewa yana tsare a wani gari 'yarsa tana ta aika masa da wasiƙu, kuma bai daɗe da komawa gida ba ta rasu. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, kai ina 'yarka?" Na ce tana Gusau. Ta ce, "To yaushe za ka koma?" Na juya ina ta goge allo har aka tashi.

Na sake neman hutu, shugaban makaranta ya ce sai ƙarshen shekara.

Ki gaishe da Inna, ki ce ta sa mu a addu'a. Abu ɗaya nake roƙonki. Kwanan nan duk sanda na kira, cewa kike Ikilima tana barci. Idan jikin ya tsananta ki faɗa mini gaskiya, don Allah. Zan ajiye aikin in taho.

Mijinki,
Abdulbaƙi