Romon da Mama ta nema

Beto,

Na shigo sauya kaya na tarar kana barci, zan koma asibiti.

Mama ta farka da safe, ta gane ni. Da aka kawo abinci ta ture kwanon, ta ce, "Wannan ai ruwan wanke-wanke ne. Yau ba Alhamis ba? Ku kawo min pozolen Doña Chayo, romon nan nata na masara."

Ka je ka nemo. Ita Doña Chayo, tun da aka tashe ta daga bakin kasuwa, kowane mako garejin wani take ara, kuma ba ta kafa allo. Ka tambayi direbobin tasi na bayan coci, su suka san inda ta sauka. In ka ga shuɗin bokiti a ƙofa da mutane riƙe da kwanuka, nan ne. Kafin ƙarfe biyu tukunyar take ƙarewa. Na kaza za ka karɓo, masarar da yawa. Kula tana kan firiji.

Kar ka ce a rage gishiri. Likita ya ce daga yau a ba ta duk abin da ranta ke so. Ban tambaye shi dalili ba, na dai ce to.

Ofelia