Ba a Tsinka Ƙarfe a Gaban Baƙo

Litinin, 9 ga Janairu
Nastiti ta kira da safe, cike da murna. Injin jan ƙarfen da aka yi wa makarantarsu alkawari ya iso, mai jan sanda har ta tsinke, irin namu na cibiyar horar da malamai, sabo dal. Ta ce mini, "Pak Wignyo," wato Malam Wignyo, "yanzu yarana za su gani da idonsu."
Na daɗe ina koya wa malaman makarantun sana'a yadda za su koyar da halin ƙarfe da roba, ban taɓa samun kamarta ba. Ranar da muka fara tsinka sandar gwaji bara, duk ajin suka toshe kunne, ita kuwa ta matso tana kallon yadda tsakiyar sandar ke ramewa. Wani kamfanin kayan mota a garin Cikarang ya neme ta, ni na hana. Na ce ɗalibai sun fi kamfani bukatarta, ta kuma ji maganata.

Alhamis, 2 ga Fabrairu
Injin na nan a cikin ledarsa. Shugaban makarantar, Pak Hartoyo, ya ce babu mai taɓa shi sai jami'in ilimi na yanki ya zo ya buɗe, an yanka tumpeng, wato tsororuwar shinkafar buki, an yi addu'a. Jami'in kuwa ya tafi taro.

Asabar, 18 ga Fabrairu
Taron ya ƙare, yanzu kuma jami'in aurar da 'ya yake yi.
Nastiti ta turo mini bidiyon ajinta. Ta raba wa yara dodol, alewa mai tauri, da kerupuk, soyayyen abin taunawa mai ƙaras-ƙaras. Su ja dodol ya miƙe, su danna kerupuk ya ɓalle. "Wannan mai danƙo, wannan mai gautsi." Yara na ta dariya suna cinye darasi. Na yi dariya ni ma, daga baya abin ya dame ni. 'Yan ajin ƙarshe ne, a watan Mayu kamfanoni za su gwada su, kuma ba dodol za a miƙa musu ba.
Ta ce kamfanin nan ya sake kiranta. Na ce ta yi haƙuri. Ni dai haƙuri kawai na iya rabawa.

Talata, 7 ga Maris
Na hau babur na je makarantar da kaina. Duk hanya ina shirya magana, har da ɗaga yatsa.
Pak Hartoyo malamina ne, shi ya fara riƙe hannuna a kan zarto. Ina shiga ofis na tarar na riga na rusuna na sumbaci hannunsa. Aka kawo shayi. Muka yi zancen gwiwarsa, da ruwan bana, da jikokinsa. Sai da shayin ya huce na ce, ko da hali, a ɗan duba injin, don kada danshi ya shige shi.
Ya yi murmushi. "Wig, har yanzu gaggawar nan? Kayan gwamnati ne. In ya lalace kafin a buɗe, wa zai amsa? Yarinyar ko ni?"
Na ce haka ne, Pak. Sau nawa na ce haka ne, ban ƙirga ba.
Nastiti tana jirana a bakin ƙofa. Ta dubi fuskata, ta juya ta koma aji.

Laraba, 15 ga Maris
An buɗe. Shinkafar tumpeng mai launin rawaya an tara ta tsororuwa kamar dutse, ga soyayyar kaza, ga ƙwai, yara sun yi layi cikin rana. Jami'in ya yanke kan tumpeng ya miƙa wa Pak Hartoyo, aka tafa. Aka yaye leda.
Nastiti ta ɗaura sanda, ta kunna. Injin ya fara ja, lamba na hawa. Wasu yaran sun ɗage a kan yatsun ƙafa. Na ga tsakiyar sandar ta soma sirancewa, saura ƙiris.
Sai Pak Hartoyo ya dafa kafaɗarta. A hankali ya faɗa, amma na ji: "Ya isa haka, Nduk, 'yata. Ranar buki ce, ba a karya abu a gaban baƙo."
Ta ce, "Pak, ai tsinkewar ita ce darasin."
"Wata rana."
Ta juyo ta dube ni. Kowa a wurin ya san ni ne malaminta. Ni kuwa faranti ne a hannuna, na sunkuya ina ɓare ƙwai.
Ta kashe injin. Jami'in ya ce lallai yana da ƙarfi, aka yi hoto.

Juma'a, 17 ga Maris
An mayar wa injin da ledarsa. Masu tantance makarantu za su zo bayan sallah, ana so su same shi ba ko ƙwarzane.

Lahadi, 19 ga Maris
Matata Sumini ta gaji da ganina zaune a baranda. Ta ce, "Mas, maigida, ka yi magana a can ka ƙi, ka dawo gida kana yi wa kifin tafki huɗuba." Matar nan ba ta ragawa. Na ce ba ta san Pak Hartoyo ba. Ta ce ta san mijinta.

Asabar, 6 ga Mayu
An gwada yaran. An ajiye musu sanduna biyu tsinkakku, a faɗi wacce ta miƙe kafin ta rabu, wacce ta ɓalle farat ɗaya. Yawancinsu sun tsaya suna juya su. Nastiti ta faɗa mini a waya, ba kuka, ba faɗa. Da ta yi faɗan da ya fi mini sauƙi.

Litinin, 12 ga Yuni
Nastiti ta zo sallama, da kwalin kek. Gobe za ta hau jirgin ƙasa zuwa Cikarang, ta karɓi aikin kamfanin nan. Na buɗe baki zan soma zancen ɗalibai, ta riga ni: "Pak, don Allah kada ku faɗa." Ban faɗa ba. Ta sumbaci hannuna. Na ji kunya ƙwarai.

Alhamis, 20 ga Yuli
Sabon rukunin malamai. Akwai wani Galih a cikinsu, mai tambayar tsiya, hannunsa na da kyau a kan aiki. Bayan darasi ya biyo ni har wurin babura. Wai makarantarsu ma an yi musu alkawarin inji, amma yana da mata da jariri, kuma ya ji ana ɗaukar mutane a Cikarang. Me na gani?
Jawabin nan na cewa ɗalibai sun fi kamfani bukatarka, na haddace shi tuntuni, ko a barci zan iya kawo shi. Na tsaya ina neman makullin babur a aljihun da na san ba ya ciki.
Lambar wayar Nastiti na ba shi. Na ce ya gaishe ta kawai, ba wani abu ba.