A Ƙirga Hannunmu Kafin a Mayar da Makullin Ɗakin Mata

Zuwa ga Alhaji Shugaban ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa a Guangzhou,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana lafiya da iyali, kuma gwiwar nan ta daina damunka a matakalar sito.

Yaya Alhaji, Rakiya ce mai mayafai, wadda ka taɓa tsinta a tashar jirgin ƙasa zaune a kan jaka tana hawaye don ta ɓatar da adireshin masauki. Kai ka koya mini kalmata ta farko ta Sinanci, meiyou, wato babu. Ban zaci wata rana ni za ka gaya wa ita ba. Na liƙa wasiƙar nan a ƙofar sito ne don maganar ba tawa ba ce ni kaɗai.

Na farko, harajin ajiya. Tun zuwana nake biyan yuan biyar a kan kowane kwalin da ya kwana a sitonmu na Guangyuan, ban taɓa fitar da kaya ban biya ba. Bana da wasannin Olympics suka sa biza ta yi wuya, kasuwa ta yi sanyi, aka kawo shawarar a ƙayyade harajin kada ya wuce yuan biyu, a kuma mayar wa mutane rarar da ta taru. Ban ga laifin masu shawarar ba, kowa yana ji a jikinsa.

Na biyu, ƙuri'a. Ranar Juma'ar da aka taru a sito na ɗaga hannuna don ƙin shawarar har ya gaji, magatakarda ya tsallake ni. Ka ce wanda sunansa ke kan takardar kwantena shi ne mai ƙuri'a. To, Yaya, ka san mu ba mu cika kwantena. Kwali goma ne, ashirin ne, mu cusa a ta Alhaji Idi na Maraɗi, da sunansa ake kai ta tashar jirgin ruwa ta Huangpu. Wajen karɓar haraji ana ƙirga kwalayena ɗaya bayan ɗaya, har wanda ya yage. Da aka zo ƙuri'a sai na koma kayan Alhaji Idi. Mu tara ne mata a wurin, da hannu huɗu kacal shawarar ta yi rinjaye. Wallahi abin ya yi mini ciwo, har na kasa gaishe ka da aka tashi.

Na uku, wanda ya fi damuna. Rarar nan ita ke biyan hayar ƙaramin ɗakin da ke saman sito, inda muke salla mu miƙe ƙafa bayan mun yini muna zaga shaguna. Kai da kanka ka kama shi. Ka tuna ranar da ka tarar da ni ina sallar la'asar a ƙarƙashin matakalar kasuwa, a kan kwalin da na baje, masu turin kaya suna ta ratsa gabana? Bayan mako guda ka miƙo mini makulli da sabuwar buta. Yanzu an ce ƙarshen watan nan za a mayar wa mai gidan makullinsa, kuma ba a faɗa wa masu ɗaga hannu cewa abin da suke zaɓa ke nan ba.

Roƙona ba mai yawa ba ne. A sake ƙuri'ar kafin wata ya ƙare, duk wanda ya biya haraji a ƙirga shi, kuma a fara sanar da jama'a cewa hayar ɗakin tana cikin rarar. Alhaji Idi, Allah ya saka masa, ya kawo mana rabonmu na rarar har masauki, kowacce da ambulan ɗinta. Ba wadda ta buɗe tata. Duka taran suna hannun magatakarda, ya riƙe har a sake.

Idan aka sake kuma aka kayar da mu, ni da kaina zan share ɗakin in kawo maka makullin, ba zan yi ƙorafi ba. Amma a kayar da ni ana ganin hannuna a sama.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya dafa maka a kan nauyinmu, ya saka maka da ɗakin da ya fi wanda ka kama mana. Butarka tana nan, har yau ba ta yoyo, ban dai san inda zan ajiye ta ba.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Rakiya mai mayafai