Bangon Tanko

Zuwa ga Yaya Audu a Ikko,

Gaisuwa da ban girma. Yaya iyali, yaya baƙunta? Allah ya sa kuna lafiya.

Ƙanenmu Tanko ya dawo daga aikin diga, amma babu hannun dama. Ƙarfen titin jirgi ya faɗo masa.

Lokacin da aka kama su shi da sauran samari don wannan aikin dole, yana tsakiyar yi wa zaurenmu ado, sana'ar nan da ba wanda ya koya masa. Ya fitar da zane da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, ya jera fasassun tangaran da kuɗin wuri da aka watsar tun zuwan sulen Nasara. Saura makuba, mai hana ruwa cin bango. Ya ce kada kowa ya shafa, kwaɓinmu ba ya kamawa. Muka bi maganarsa. Damina ta wanke bangon tas.

Jiya na same shi tsugune a kwata yana tsintar kuɗin wurin da ruwa ya zubo daga bangon da hagu, yana zubawa a ƙwarya. Na ce, "Tanko, haƙura mana." Ya ce, "Yaya, riƙe min ƙwaryar."

Ka sa shi a addu'a. Inna na gaishe ka. In ka samu mai zuwa, Tanko ya ce ba magani yake so ka aiko masa ba, fasasshen madubi na adon bango.

Ƙanenka Garba,
Tudun Wada