Na karɓo cokalin ginina

Zuwa ga Yaya Hadiza,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar Inna, ya Malam da yara? Mu nan Sabha sai godiya.

Yaya, share hawayenki, zuciyata lafiya lau. Takardar awon zuciyar da na ce miki na'ura ta rubuta akwai matsala, kwana tara tana aljihuna, tsoro ya hana ni nuna wa likita. Har cokalin ginina na ba Isufu abokin aikina, na ce in ta Allah ta kasance ya riƙe.

Isufun ne ya ja ni muka koma asibiti. Likita ya ɗora yatsa kan wani ɗan tudu a zanen da ke kan takardar, ya ce sunansa T, shi ke nuna zuciya tana shirin bugu na gaba. Nawa ya ɗan kwanta. Ya ce wannan kaɗai ba ya nuna cuta, ƙishirwa ko fargaba ma kan kawo shi. Ya tambaya ko ƙirjina na ciwo, na ce a'a. Aka auna jini, aka sake awon, komai daidai. Ya ce in riƙa shan ruwa a wurin gini, in na ji ciwon ƙirji kuma in dawo maza.

Yanzu kina iya gaya wa Inna abin da muka ɓoye mata. Ta ci gaba da sa ni a addu'a. Ki gaida Kawu Sani.

Cokalin kuwa tun a ƙofar asibiti na ce Isufu ya maido min abina. Wai har ya fara sabawa da shi.

Ƙanenki,
Hamisu