Ƙarafan da Kuka Sa wa Jitocinmu Suna Cin Yatsu

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Kiɗa da Waƙa na gundumarmu, da dattawan da ke zama tare da shi.

Ranka ya daɗe, gaisuwa mai yawa da ladabi cikin sunan Ubangiji. Ina gajiya, ina fama da jama'a? Ina fata damina ta zo muku da albarka, iyali kuma kowa lafiya.

Sunana Iliya. Manomi ne ni, kuma ni nake kaɗa jita a majami'armu ta Ikara fiye da shekara ashirin. Sau biyu ina aiko muku da saƙo ta bakin fastonmu. Amsar da ya dawo min da ita daga wani ɗan kwamiti ita ce, wai ƙarfe ai ƙarfe ne. Shi ya sa na rubuta wannan a fili, don duk mai riƙe jita a Ikara da Makarfi da Kudan ya karanta, ko a karanta masa.

Na farko. Ga wanda bai san jita ba, a wuyanta akwai siraran ƙarafa da aka jera a gicciye. A kansu ake danne tsirkiya murya ta fito. Na asalin jitata farare ne masu tauri. In ka danna, sauti yakan fito tas, ya jima yana amo kafin ya mutu. Duk shekarun nan, ƙarafa uku ne kawai suka lotsa, na can kusa da kan jitar, inda yatsu suka fi zama.

Gab da faɗuwar damina kuka sa a tattara jitocin majami'un gunduma duka a kai wa wani mai gyara da kuka samo. Na roƙa a bar tawa, don na san wanda zai canza min ukun nan. Aka ce umarnin kwamiti ne. Na miƙa ta.

Na biyu. Da ta dawo, kallo ɗaya na yi mata na gane an yi ɓarna. Mutumin ya cire ƙarafan duka, har da masu lafiya. A madadinsu ya sa sifok ɗin keke da aka buge ya fyaɗe, ya manna da gam. Lahadin farko da na kaɗa ta, sautin ya riƙa karkarwa yana ƙeƙewa, har Mama Ladi, shugabar zumuntar mata, ta waiwayo a tsakiyar waƙa ta ce, "Iliya, jitar ce ko hannunka ne?" Ruwan sama bai yi mako biyu ba ƙarafan suka yi ja da tsatsa, suka fara cin tsirkiya suna tsinka ta. Jitar majami'ar Kudan kuwa tagulla mai taushi ya sa mata. Saratu da ke kaɗa ta ta kira ni a waya ta ce muryar ta dushe kamar an lulluɓe jitar da bargo, kuma tsirkiya ta riga ta haƙa ramuka a jikin tagullar.

Na uku, kuma shi ne ya sa ni ɗaukar biro. Mai gyaran bai goge bakin ƙarafan ba. Wata Lahadi muna waƙar baiko, wato ta lokacin ba da sadaka, na zame hannu ƙasa, ashe gam ɗin ƙarfe na biyar ya saki, bakinsa ya ɗago. Ya yanke ni a manuniyar hagu. Ɗan yanka ne, na tsotse jinin na ƙarasa sujada.

Ranka ya daɗe, ka san ina da ciwon suga, don kai da kanka ka zo duba ni lokacin da na kwanta. Ciwo ba ya warke mana da wuri. Yatsan ya kumbura, ya yi ruwa, yanzu kansa ya fara baƙi. Matata Talatu ce take wanke min safe da yamma. Da farko takan gaya min yadda ta gan shi. Kwana biyar ke nan ta daina, sai dai ta naɗe shi ta fita tsakar gida. Ba na iya riƙe fartanya. Maƙwabcina Malam Shehu da ƙannensa ne suka yi min noma na biyu a gonar masara, Allah ya saka musu.

Ban ce kun nufe ni da sharri ba. Amma jitocin nan suna nan a majami'u, duk Lahadi wani yana goga hannu a kansu. Tafin hannun Saratu ma ya riga ya kuje. Ga babban taron ƙungiyoyin waƙa da kuka shirya a Makarfi bayan kaka: kwana uku ana kiɗa, hannu yana gumi, fata tana laushi, tsatsa kuma ta ƙara wata uku tana ci. A cikin masu kaɗawar akwai masu irin ciwona da ba su ma sani ba. Ni dai ina ganin abin da ke tafe, kuma ba na so wasu su biyo bayana a layi.

Saboda haka ina roƙo. A janye jitocin nan daga hannun mutane tun wannan makon. A nemo wanda ya san aikin, ya sa farin ƙarfen da aka yi don jita, wanda ba ya tsatsa, ya goge bakinsa har sai babban yatsa ya bi wuyan bai ji kaifi ba. Duk wanda ya yanke a kai shi asibiti a yi masa allura. Ƙarafana na asali kuma, in ba a zubar ba, a dawo min da su.

Likita ya ce in koma ranar Alhamis, ranar za a san ko za a bar min yatsan. In kuna da niyyar zuwa duba ni, ku zo kafin nan, ku gan shi da idonku.

Allah ya ba ka hikimar riƙon jama'a, ya tsare hannuwanka da na iyalinka, ya sa wannan takarda ta riske ka kan lokaci.

Wassalam.

Naka cikin ladabi,
Iliya mai jita, Ikara.