Layin Sunana Wayam

Daren Talata, Highbridge, Amurka

Na kasa barci. Mako biyar ina jiran kuɗin atisayen da muke yi sau ɗaya a wata. Duk sojojin ko-ta-kwana na rukuninmu sun ga nasu, ban da ni. Na gaya wa matata, na gaya wa mutanen masallaci, cewa Sajenmu ce ta danne min don ni Musulmi ne. Ko ta kira ba na ɗagawa.

Yau na ajiye tasi na je ofishinta da shirin faɗa. Sai ta miƙo min takardar halartar atisayen na ranar Lahadi. Layin sunana wayam. Wanda bai sa hannu ba, bai zo ba ke nan, ba a biyansa. Nan na tuna, lokacin da ake sa hannun ina sallar La'asar, a wannan ofishin nata da take ara min.

Ta ce, "Sau huɗu na kira ka. Sa hannu nan. Ka kuma manta dardumarka, na ninke maka ita a durowa."

Ni da wane bakin zan warware maganar nan gobe a masallaci?